Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ginin da ya ci shekara 632 a birnin Kolon

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda na samu ɗaki a Bonn, a ƙarshen shekarar 1998, na fara zuwa makarantar koyon Jamusanci kafin a tura mu horon aikin gini. Yau kuma Kolon za mu je, domin abin da na gani a can shi ya sauya mini fannin da na bi a sana'ata.

Tun ina yaro nake jin sunan garin. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shirin Hausa na Muryar Jamus ba ya wuce shi, kuma a wancan zamani daga Kolon suke magana, sai a 2003 suka koma Bonn. Wanda ya kai ni wani dattijo ne ɗan Damagaram da muka haɗu a masallacin Juma'a, ya daɗe ƙwarai a ƙasar. Da ya ji cewa ni ɗan magini ne, sai ya ce, "To ɗana, ranar Asabar ka shirya, akwai abin da zan nuna maka." Tafiyar kamar rabin awa ce a jirgin ƙasa.

Muna fitowa daga tashar sai ga ginin a gabanmu, ba ko tsallaka titi. Babban cocin Katolika ne na garin, Jamusawa Dom suke ce masa. Hasumiya biyu ne baƙaƙe ƙirin, kowace tsawonta mita 157, sai da na gantsare kafin na hango ƙarshensu. Baƙin nan ba fenti ba ne. Hayaƙin kwal na gidaje da masana'antu da jiragen ƙasa na da, tare da ruwan sama, su suka rina dutsen.

Da muka isa ƙofa sai na ja na tsaya. Na ce, "Baba, coci ne fa. Mu shiga kuwa?" Ya ce, "Ɗana, aikin magina ka zo gani. Kuma bari ka ji, an taɓa yin sallar Idi a cikin ginin nan." Daga baya na bincika na samu haka ne. Ranar 3 ga Fabrairu 1965 ɗaruruwan Turkawa 'yan ci-rani, da yake ba su da masallacin da zai ɗauke su, suka shimfiɗa dardumansu a ɓangaren arewa na majami'ar suka yi ƙaramar salla, da izinin masu kula da wurin. Yanzu kam garin yana da babban masallacinsa a unguwar Ehrenfeld, wanda aka yi bikin buɗewa a 2018.

A ciki, abin da ya fara kama idona shi ne rashin kaurin bango. Rufin yana can sama da mita 40, amma gefe da gefe kusan duk tagogi ne na gilashi mai launi. To me ya riƙe nauyin? Sai da muka zagaya ta waje na gane. Rufin dutsen yana tura bango waje, su kuma sai suka gina ginshiƙai a waje, suka miƙo bakuna na dutse daga jikinsu suka tokare bangon. Nauyin yana bin bakan nan ya sauka ƙasa. Na daɗe ina bin tokara ɗaya da ido, daga inda ta dafa bango har gindinta. Mutanen da suka ƙirƙiro wannan ba su da siminti irin namu, ba su da rodi.

Dalilin ginin kuwa, a 1164 babban limamin Kiristan garin, Rainald von Dassel, ya kawo wasu ƙasusuwa daga Milan, waɗanda Kirista suka yi imani na masanan nan uku ne da suka zo gaida Annabi Isa, alaihissalam, bayan haihuwarsa. Masu ziyara suka yi ta kwarara har tsohuwar majami'ar ta yi kaɗan. Ranar 15 ga Agusta 1248 aka aza harsashin sabuwa, kuma sarkin maginan farko sunansa Gerhard. A 1322 aka gama ɓangaren gabas. Daga nan aiki ya riƙa jan ƙafa, kuɗi suka ƙare, sha'awar irin wannan gini ta gushe, har a ƙarni na 16 aka tsaya cak. Hasumiyar kudu ta tsaya ba ta kai rabi ba, da wani ƙaton injin ɗaga duwatsu na katako a kanta. Injin nan ya yi wajen shekara 400 a wurin, sai a 1868 aka sauke shi. Da sojojin Faransa suka ci garin a 1794, har rumbun abincin dawaki suka mai da ginin.

Nan ne labarin ya fi shiga raina. Maginan farko sun zana fuskar ginin gaba ɗaya, har da hasumiyoyin da suka san ba za su rayu su gani ba, a kan jemammiyar fata mai tsawon kimanin mita 4. Zanen ya ɓace, kuma ya rabu biyu. A 1814 aka tsinci rabi a saman rufin wani masauki a Darmstadt, a 1816 aka samo ɗaya rabin a Paris. Da aka haɗa su, sai ga umarnin mutumin da ya mutu shekaru ɗaruruwa da suka wuce, layi bayan layi. A 1842 Sarki Friedrich Wilhelm na 4 na Prussia ya aza dutsen ci gaba da aiki. Shi ba ma ɗan Katolika ba ne, amma yankin kogin Rhine ya shiga hannun masarautarsu tun 1815, yana neman zuciyar mutanen, kuma Jamusawa a lokacin suna neman abin da zai haɗa kansu. Mutanen gari suka kafa ƙungiyar tara kuɗi a 1842 ɗin nan, tana nan har yau, kuma ita ta kawo kaso mafi yawa. Wani ɓangare ta hanyar caca aka tara shi, abin da ni dai bai kwanta mini ba, amma haka aka yi. A 1880 aka kammala, shekara 632 bayan farawa, kuma na tsawon shekara 4 babu ginin da ya kai shi tsawo a duniya.

Mahaifina gwani ne, amma a kansa yake ɗauke da duk abin da ya sani. Yadda ake jera azara, yadda ake ɗaure bakan gizo ya haɗe a tsakiyar soro, ba a rubuce yake ko'ina ba. A tsaye a gaban ginin nan na fara tsoron ranar da za mu rasa shi, kuma na yi niyyar in na koma gida zan zauna da shi da takarda da fensir. Alhamdulillahi na samu yin hakan, labarinsa yana nan tafe.

Baba, dattijon nan ɗan Damagaram, ya ja hannuna zuwa gindin hasumiyar arewa, ya nuna mini wani wuri da aka cike da bulo, ya bambanta da sauran dutsen. A yaƙin duniya na biyu an ragargaza kusan duk tsakiyar Kolon. Manyan bama-bamai 14 suka faɗa wa majami'ar, ta ji rauni sosai amma ba ta faɗi ba. Abu ɗaya da ya taimaka shi ne ƙarafan da maginan ƙarni na 19 suka yi jigon rufin da su maimakon katako, wuta ba ta samu abin ci ba. A Nuwamba 1943 bam ya fasa ginshiƙin nan, aka yi maza aka toshe da bulo don kada hasumiyar ta rufto. Facin ya zauna sama da shekara 60. Mutanen gari sun yi ta gardama, wasu na cewa a bar shi don 'yan baya su ga abin da yaƙi ya yi. A 2005 aka gama lulluɓe shi da dutse. Ni da za a tambaye ni, da an bar shi.

A gefen kudu akwai ma'aikatar gyaran ginin, mai ma'aikata kusan 100: masassaƙan dutse, maƙera, masu gyaran gilashi, masu rufi. Kullum a bakin aiki suke. Dutsen da ruwa ya ci, sai su auna shi, su sassaƙa irinsa da hannu, su cire tsohon su sa sabo. Shi ya sa da wuya ka ga hoton ginin babu matakan ƙarfe na magina maƙale a wani gefe. Mutanen Kolon suna cewa ranar da aka gama Dom, ranar duniya za ta tashi. Na tuna yadda mahaifina yake zagaya gidajen da ya gina kafin damina, yana duba inda yaɓe ya zube, yana faɗa wa masu gida cewa ginin ƙasa ba ya son a juya masa baya ko shekara ɗaya. Ashe na dutse ma haka ne.

Mun biya kuɗi kaɗan, Baba ya zauna a ƙasa saboda gwiwa, ni na hau matakala sama da 500 na hasumiyar kudu. A hanya ana wucewa ta ɗakin ƙararrawa, babbar cikinsu nauyinta tan 24, an zuba ta a 1923. Daga sama na ga kogin Rhine da gadar Hohenzollern, jirage suna shiga tasha ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Litinin na je wurin jami'ar da ke kula da horonmu, na roƙe ta da guntun Jamusancina a tura ni kamfanin da ke gyaran tsofaffin gine-gine maimakon masu gina sababbi. Ta ce za ta duba, kuma akwai wani a Aachen. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin zuwana can, da majami'ar Sarki Shalman (Charlemagne, babban sarkin Turai na da), da giwar da Halifa Haruna Rashidu ya aika masa daga Bagadaza, wadda ta isa garin a shekarar 802.