Darussan da na koya daga ɗaga Jersey zuwa siga ta 3

'Yan uwa da za ku riƙe sabar biyan kuɗi ta ofishinmu na Garwa bayan tafiyata, abin da ya fi kamata ku fahimta shi ne yadda @Inject, alamar da ke sa a cusa wa aji abubuwan da yake dogaro da su, ya daina aiki shiru lokacin da aka ɗaga Jersey, laburaren Java da sabarmu ke amsa buƙatun yanar gizo da shi, daga siga ta 2 zuwa ta 3.

Jersey 3, wanda ya fito a 2020, ya bar sunayen javax ya koma jakarta, kuma HK2, mai cusa masa abubuwan dogaro, ya bi sahu. HK2 na 3 ba ya neman komai sai jakarta.inject.Inject. In ya tarar da tsohon javax.inject.Inject a kan fili, ba ya ƙorafi, wucewa yake yi kamar bai gani ba. Filin ya zauna null, wato babu komai a cikinsa, saba ta tashi lafiya lau, log babu ko ɗigon ja. Sai buƙata ta farko ta shigo, NullPointerException ya fito, mai biyan kuɗi ya ga 500, lambar kuskuren saba, a wayarsa.

Za ku ce ai da an harhaɗa lambar da kuskuren ya bayyana. Bai bayyana ba, don wani laburare daban ya jawo tsohon jar ɗin, wato ƙunshin da ke ɗauke da javax.inject, a ɓoye. Nan tarkon yake: jakarta.inject-api siga ta 1.0, duk da sunansa, javax.inject ne a cikinsa. Sai daga 2.0 ne sunan ciki ya canza. Wanda ya duba pom.xml, fayil ɗin da Maven, manhajar harhaɗa lambar, ke karanta jerin laburare daga ciki, ya ga jakarta zai rantse ya gama aiki.

An ɗora laifin a kan yaron da ya canza lambar sigar, aka ce bai iya aiki ba. Wannan zalunci ne. Umarni aka ba shi a ƙarshen wata, lokacin da kuɗin albashi ke yawo ta waya, ba a ba shi sabar gwaji ba, kuma da ya nemi lokaci aka ce gobe ake so. Wanda ya ba da umarnin ya san kansa.

Gyaran kuwa ba wuya. A fara da mvn dependency:tree a ga wanda ke jawo javax.inject, a cire shi da exclusion, sannan a sa bannedDependencies na maven-enforcer-plugin don kada ya dawo ta bayan gida. Da tsohon jar ya fita, duk import ɗin da aka manta zai ƙi harhaɗuwa, ya nuna kansa. Bayan haka a mayar da cusawar daga fili zuwa kwanstirakta, filayen su zama final. Ta haka in @Inject bai yi daidai ba, HK2 zai ce bai sami kwanstirakta da ya dace ba, maimakon ya miƙo abu rabi da rabi. A rubuta gwajin JerseyTest da ke kiran kowace hanya ko sau ɗaya ne, domin Jersey sai buƙata ta zo yake gina ajin da ke amsa ta, tashin saba kaɗai ba shaida ba ne.

Sauran ƙanana ne. Saƙon InjectionManagerFactory not found na nufin babu jersey-hk2, wanda tun 2.26 a 2017 ake ƙara shi da hannu. In kowace hanya 404 take bayarwa, wato ba a same ta ba, ku duba ko @Path ɗin javax.ws.rs ne har yanzu. Tomcat kuwa, sabar da ake ɗora manhajar a kai, na 9 javax.servlet ya sani, Jersey 3 sai Tomcat 10. Ku bar jersey-bom ya daidaita sigogi. Abin da aka ɗaure a AbstractBinder, inda ake gaya wa HK2 abin da zai cusa, ba tare da Singleton ba, wato umarnin a gina guda ɗaya tak, sabo ake ginawa duk lokacin da aka nema, kuma in mai riƙe haɗin rumbun bayanai ne, haɗin zai ƙare da wuri.

Kafin ku taɓa kowace siga, ku kwafe babban fayil ɗin .m2, inda Maven ke ajiye laburaren da ya sauke, da war ɗin, wato ƙunshin manhajar, da ke aiki a faifai daban. Da intanet da wutar da muke da su a nan, komawa baya kada ya dogara da sauke wani abu daga Maven Central.