Garwa, Talata: rufe hanyar ruwa a faifan roba

Yau wunin ɗakin gwaji ya ƙare ne a kan haɗa faifai. Robar nan ce mai kama da gilashi da masu allon talla ke yankawa, wato PMMA, kaurin kowane faifai milimita 2. Ɗaya an sassaƙa masa siririyar hanya da na'urar leza, faɗinta maikiron 300 (wato milimita 0.3), ɗayan kuma murfi ne. Sassaƙar ba ta da wuya. Wajen rufewa ba yoyo ba toshewa, a nan gizo ke saƙa.

Da safe zafi zalla aka gwada. Wannan roba tana fara laushi wajen digiri 105 a ma'aunin Salsiyas, don haka akan matse faifan tsakanin gilashi biyu a riƙe shi dab da wannan zafin kamar minti 30. Matsalar ita ce ratar ƙanƙanuwa ce. In zafin ya gaza, farce ma yana raba su. In ya zarce kaɗan, murfin ya lotsa cikin hanyar ya shafe ta. Tandar da zafinta ke hawa da sauka ba ta wannan aiki ba ce, balle a ɗauke wuta ana tsaka.

Bayan azahar muka koma kan alkol, isofurofil mai kashi 70, kuma a ganina ita ce hanyar mai ƙaramin ƙarfi. Amma da sharaɗi. Leza takan bar gefen yankan a ɗaure, alkol na taɓa shi sai ya tsattsage, ka ga fararen zare-zare sun bazu daga bakin ramukan shigar ruwa. Maganinsa a fara gasa faifan a digiri 80 na awa ɗaya zuwa biyu, a bar shi ya huce cikin tandar a rufe. Sannan a wanke da sabulu, a busar, a ɗiga alkol ɗigo uku ko huɗu, a kifa murfin daga gefe guda don iska ta fice, a matse da maƙalan takarda ta kowane ɓangare, sai tanda a digiri 65 zuwa 70 na minti 10. Da an fito da shi a hura iska da sirinji, kada ragowar alkol ya kwana a hanyar.

Hannu sai ya yi sauri, don a bushin hunturun nan alkol ba ya jira. Ƙura kuwa ta fi komai ɓarna: ƙwaya ɗaya ta ɗaga murfin, ta yi wa kanta zoben iska, ruwa ya bi ta nan. Dole a rufe taga, a kashe fanka.

Asiton kam, sinadarin nan na goge jan farce, a bar shi, narka robar yake yi ta yi fari fat. Salatif mai fuska biyu ya fi duka sauri, in a jikinsa aka yanka hanyar, kaurinsa ne ma zurfinta, sai dai gam ɗinsa ba ya jure alkol.

Kafin magariba aka tura ruwa mai jan launi da sirinji a hankali, aka ɗaga faifan a haske. Na alkol bai yi yoyo ba. Gobe za a toshe mafitar a ƙara matsi, a ga inda zai fara ɓallewa.