Idan igiya ta kuɓuce a hawan dutse, wa ke da lamuni?

A ce abokai biyu sun fita hawan dutse don nishaɗi, irin falalen duwatsun nan na wajen Dutsin-Ma. Ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa riƙe da igiya, sai na sama ya faɗo ya karye. A wurin jaje kowa zai ce ƙaddara ce, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai ƙaddara ba ta kore lamuni, ko a kotun shari'ar Musulunci ko a Babbar Kotu. Abin da alƙali zai bincika shi ne: dutsen ne ya yi halinsa, ko abokin hawa ne ya saki aikinsa?

A dokar da muka gada daga Ingila, mai ƙara sai ya tabbatar da cewa akwai nauyin kula da shi a kan abokinsa, abokin ya yi sakaci da nauyin, kuma sakacin ne ya jawo raunin. Na farkon ba ya ba da wahala, domin da zarar ka karɓi igiyar mutum ka ce "hau, ina riƙe", nauyi ya hau kanka ko da ba a biya ka kwabo ba. Wanda ake ƙara zai ce ai da yardarsa ya hau. Yardar tana aiki a kan haɗarin dutsen kansa: santsi, ɓallewar wurin kamawa, zamewar ƙafa, zuma da ta taso daga kogo. Amma ba wanda ya taɓa yarda abokinsa ya saki igiya don ya amsa waya.

Yawancin rigimar a ƙananan abubuwa take. Igiya mai mita 60 tana sauko da mutum ne daga mita 30 kawai, tunda ninkuwa take yi a turken sama, wato abin da aka kafe a kan dutse igiyar ke ratsawa. Idan hawan ya kai mita 35 kuma ba a yi ƙulli a bakin igiyar ba, wutsiyarta za ta fice ta cikin ƙarfen birki, wato ƙarfen da na ƙasa ke tsayar da igiya da shi, mai saukowa ya ƙarasa sauran a iska. Wannan a wuyan na ƙasa yake, don a gabansa igiyar ke ƙarewa. Haka in ya cire hannun birki, ko ya bar igiya ta yi sako-sako alhali mai hawa bai yi nisa da ƙasa ba. Ƙullin da mai hawa ke ɗaurawa a ɗamararsa kuwa aikinsa ne shi. A 1989, a Buoux ta Faransa, Lynn Hill, gwana a wannan fage, ta faɗo daga sama da mita 20 saboda ba ta ƙarasa ƙullinta ba, Allah ya sa da sauran kwana. Duk da haka ƙa'ida ce kowa ya duba ƙulli da ɗamarar ɗan'uwansa kafin a bar ƙasa, shi ya sa kotu kan iya raba laifin, ta rage kuɗin da za a biya gwargwadon sakacin mai raunin.

Wanda ya fi sani ya fi ɗaukar kaya. Idan kai ka gayyato sabon shiga, ka kafa turke, ka kawo kayan, da mizanin masani za a auna ka. Turke a wuri biyu ake kafa shi. A 1997 wata kotu a Ingila ta kama wani jagoran hawa da sakaci saboda ya dogara da ƙusa ɗaya da ake kafawa a ƙanƙara maimakon biyu. Shi biyansa aka yi, amma hujjar ta shafi kowa. Igiyar guga ko ta ɗaure kaya kuma ba ta miƙewa ta shanye ƙarfin faɗuwa, don haka ko dai ta tsinke ko ta karya ƙugu. Wanda ya kawo ta ya ce ta isa, ban ga ta inda zai kuɓuta ba.

A fiƙihun Malikiyya lissafin a fayyace yake. Kisan kuskure diyyarsa raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, ga kaffara kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta zo da ita. Risala ta jera na gaɓoɓi: hannu ɗaya, ƙafa ɗaya ko ido ɗaya rabin diyya, yatsa raƙuma 10, haƙori 5, raunin kai da ya bayyana ƙashi 5, gushewar hankali cikakkiyar diyya. Abin da ya kai sulusin diyya zuwa sama dangi na wajen uba ne ke haɗuwa su biya, cikakkiya cikin shekara 3. Ƙasa da sulusi daga aljihun mai laifin. Inda mutane ke tuntuɓe: in da iƙirarinsa kaɗai laifin ya tabbata, dangi ba sa ɗauka, a kansa take. Malikiyya kuma suna ɗora lamuni a kan wanda ke da ikon ceton mutum ya ƙi, saboda haka gudu a bar mai rauni don tsoron 'yan sanda ƙara wa kai laifi ne.

In abin ya faru, kada a ciccibi wanda ya faɗo ya bugu a baya ko wuya, a shimfiɗe shi a kan katako a kai asibiti kafin a yi zancen mai ɗori. Ban da amfanin jinya, rahoton likita ne zai nuna girman raunin. A bar ƙullin yadda yake, in dole ne a yanke igiyar nesa da shi. A ɗauki hoton turke da ƙarfen birki, a rubuta sunan shaidu. Idan an yi sulhu a gaban mai unguwa ko limami, a sa shi a takarda: nawa ne, na magani ne ko diyya, an yafe sauran ko ba a yafe ba. Takardar "na hau da yardata" da ake sa wa hannu kafin fita tana iya taimakawa a ƙarar neman biyan kuɗi, amma in an rasa rai ta hanyar ganganci, ba za ta hana hukuma gurfanar da mutum a ƙarƙashin dokar laifuka ba.