Godiya ga Masu Karatuna na Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, zaman da muka yi ranar Asabar a Samaru don tattauna littafina na baya-bayan nan ya tashi lafiya. Duk wanda ya baro harkarsa ya zo, daga Tudun Wada, Sabon Gari, Wusasa, Kongo da cikin birni, da waɗanda suka taso tun daga Kaduna da Funtuwa, Allah ya saka muku da alheri, ya mayar muku da abin da kuka kashe a hanya.

Mafi yawan godiyata tana ga waɗanda suka zo da ƙorafi. Tun littafin yana fita shafi-shafi a zaurukan WhatsApp mata suke turo mini saƙo cewa in hukunta matar uban da ke cikin labarin, wasu na so ta haukace a kasuwa, wasu na so asirinta da boka ya tonu a gaban dangi. A wurin zaman ma haka wata baiwar Allah ta miƙe, muryarta na rawa, ta ce, "Malama, kin bar matar nan ta ci bulus. Mu da muka tashi a hannun irinsu mun san abin da muka gani." Ƴar'uwa, na ji ki, kuma ban ɗauki maganarki da wasa ba. Amma ina nan a kan bakana. Matar uban da na rubuta ba ta taɓa zuwa wurin boka ba. Abin da take yi shi ne ta zuba wa ƴaƴanta tuwo a kwano ɗaya, ta zuba wa agolan gidan, ɗan kishiyarta, nasa a wani tsohon kwano ta ajiye a bakin ƙofar madafi, shekara da shekaru, ba zagi ba duka. Wannan ya fi yawa a gidajenmu, kuma shi ne ba a kai ƙararsa wurin kowa. Da na haukatar da ita, da duk mai yin haka ta rufe littafin ta ce ai ba da ita ake ba.

Ina gode wa dattijon da ya zauna a layin baya, wanda bai ce komai ba sai da aka kusa tashi. Ya karɓi abin magana ya ce shi agola ne, a gidan mijin mahaifiyarsa ya girma, har yau da furfurarsa ba ya iya fara sa hannu a kwanon taro sai wani ya riga shi. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Zauren ya daɗe bai dawo daidai ba bayan maganarka.

Na gode wa malamin da ya warware gardamar rabon gado. Matasa da dama sun ɗauka cewa zalunci na yi wa yaron da ban ba shi kaso a gidan ba. Malam ya yi bayani dalla-dalla cewa agola ba ya gadon mijin uwarsa, matan mamaci kuma sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, suke rabawa a tsakaninsu idan akwai ƴaƴa, amma mutum yana da damar yin wasiyya ga wanda ba magajinsa ba, muddin ba ta wuce sulusin dukiya ba. A kan wannan wasiyyar na gina rikicin ƴan ubancin da ke ƙarshen littafin, kuma na ji daɗi da mai ilmi ya tabbatar da ita a bainar jama'a.

Ban yi mamakin zafin muhawarar ba. A garin nan aka shirya gasar ƙagaggun labarai ta 1933, a nan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, a nan kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya. Zage-zagi sun daɗe suna karatu, ba a ba su labari su haɗiye ba tauna. Ɗaliban Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello da suka zo da littafin duk sun ja layi a ciki da biro, suna tambayar dalilin da ya sa maigidan yake yawan yin shiru, ku ma na gode. Shirun nan da gangan na sa shi, domin a wurina laifin maigida bai gaza na matarsa ba: yana wucewa ta bakin madafin nan kullum, yana ganin kwanon.

Ƙannena da suka jera kujeru tun da hantsi, da maƙwabciyata da ta kwana tana dama zoɓo da kunun aya, da maigidana da ya tsaya har aka kwashe tabarmi na ƙarshe, Allah ya bar zumunci.

Tambayoyin da aka rubuto a takarda lokaci bai ba mu damar karantawa ba suna hannuna, zan riƙa amsa su ɗaya bayan ɗaya a shafina na Facebook ba tare da na ambaci sunan kowa ba. Waɗanda suka biya kuɗin littafi ya ƙare kafin a zo kansu, sunayenku na rubuce, naku ne farko idan sabon bugu ya iso.

Na gode ƙwarai.