Na ce musu ba na cin nama

Wata uku ke nan da faruwar abin, amma har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Ƙarshen shekara ne, shugaban sashenmu ya gayyace mu cin abinci, mu goma sha huɗu, a wani gidan abinci na tsohon garin Liyon, irin waɗanda suke kira bushon. Tebura ƙanana, mutane a matse kafaɗa da kafaɗa, ƙanshin maiƙo ya cika ɗakin har ya kama tufafi. Tun saura sati biyu sakatariya ta zagaya tana tambaya ko akwai wanda ba ya cin wani abu. Na rubuta mata abin da na saba rubutawa tun zuwana Faransa a 2020: bejetariyan, wato wanda ba ya cin nama.

Ni ɗan Maraɗi ne, kun san ba haka abin yake ba. Da hayaƙin balangu da tsire na tashi, a garin da jar akuyarsa ta yi suna har ƙasashen waje. Amma na koyi cewa in ka ce halal a teburin aiki, ka buɗe zancen da ba ya ƙarewa. Wani ya tambaye ka yadda ake yanka, wani ya kawo maganar siyasa, wani ya yi shiru yana dubanka, abincinka ya huce kana kare addininka. Kalma ɗaya ta bejetariyan kuwa tana rufe bakin kowa, har a yaba maka. An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Wannan ita ce wutsiyar da na ɗaura, kuma ban taɓa jin daɗinta ba, don ina jin nauyinta a raina kamar ƙarya.

Aka miƙo takardar abinci. Na karanta ta daga sama har ƙasa, na sake komawa. Tsiran alade kala-kala, wani an cusa shi da hanji. Tumbin sa da aka jiƙa a giya sannan aka soya. Kan maraƙi. Kifi guda ɗaya ne, na tambaya, mai kawo abinci ya ce akwai barasa a miyar. Liyon gari ne da ke alfahari da girki, sunan shahararren mai girkinsu, Paul Bocuse, yana kan babbar kasuwar abincinsu, amma a takarda mai shafi biyu babu abu ɗaya da aka dafa don mutum irina. Sai salati. Na san salatin garin nan da soyayyun guntayen naman alade ake yinsa, da ƙwai da burodi, don haka na roƙi a yi mini nawa babu nama. Na faɗa sau biyu. Ya ce babu matsala.

Aka kawo. Ganyen yana sheƙi, na ɗauka mai ne da ruwan tsami. Na kai loma ɗaya, na kai ta biyu, sai na ji wani ɗanɗano na hayaƙi da gishiri wanda bakina bai sani ba. Na ɗaga ƙwan da cokali, ga guntun nama a ƙarƙashi. Ashe salatin kowa aka ɗauko, aka tsince naman da hannu, aka bar kitsen.

Ban yi magana ba. Na ajiye cokali, na kurɓi ruwa, ina istigfari a zuci, cikina yana juyawa. Matar da ke kusa da ni ce ta lura, ta gaya wa shugaba, shugaba ya kira mai kawo abinci. Shi kuwa ya duba farantin ya ce ai ɗan kaɗan ne, a ture shi gefe mana. Sai wani abokin aikina, daga can ƙarshen tebur, ya ɗaga murya yana dariya, ya ce ai wannan ba bejetariyan ba ne, Musulmi ne, ya taɓa ganina a unguwar Giyotiyar ina cin gasasshen nama a wurin Larabawa. Teburin ya yi tsit. Mutum goma sha uku suna dubana, ni da nake zuwa aiki kafin kowa, wanda ba a taɓa kama shi da kuskuren lissafi ba, ga shi an kama ni da ƙarya a kan farantin ganye. Na ce haka ne, ni Musulmi ne, kuma muryata ta yi rawa. Wannan rawar muryar ita ta fi ci mini rai. Me ya sa za ta yi rawa?

Daga baya aka kawo mini dafaffen dankalin Turawa da koren wake, babu miya, babu yaji. Na ci rabi don kada a ce na yi fushi. Kuɗin farantina daidai da na wanda ya ci kan maraƙi.

Ba zan ce ba su san zancen abinci marar nama ba. Tun 2019 doka ta sa makarantun ƙasar nan su riƙa ba yara abinci marar nama sau ɗaya a sati. Ina garin nan a watan Fabrairu na 2021 lokacin da magajin gari ya cire nama daga abincin makarantu na ɗan lokaci saboda korona, ko da yake an bar kifi da ƙwai. Ministoci suka yi ta cacar baki, makiyaya suka kawo shanu da taraktoci har ƙofar ma'aikatar magajin gari. Ni ina kallo ina mamaki, yadda cin abinci babu nama ya zama abin tashin hankali. Akwai gidajen abinci na masu cin ganye zalla a garin, na shiga biyu, amma ba can ake kai taron aiki ba, kuma ba kai baƙo ke zaɓar wuri ba.

Abin da ya tsaya mini a wuya a metro, jirgin ƙasa na cikin gari, a hanyar komawa gida, shi ne tunanin Inna. Da a ce ita aka ce wa ga baƙo ba ya cin nama, da sai ta ciyar da shi sati guda ba ta maimaita tukunya ba. Da safe koko da ƙosai, ko waina da sukari. Da hantsi ɗanwake, garin wake da na rogo da kuka da ɗan ruwan kanwa, a jefa a tafasasshen ruwa har ya taso, a kwashe a zuba man gyaɗa da yaji. Da rana hura da nonon da Fulani ke kawowa, ko shinkafa da wake. Da dare tuwon gero miyar kuka da daddawa, ko busasshiyar kuɓewa, ko yakuwa. Ga tubani. Ga dambu da zogale. Da damina ga tafasa da rama da gasaya. Wannan abinci ne da mutum zai ci ya ɗauki hauya ya wuni a gona. Su a nan in an ce babu nama, sai su ɗauke naman daga faranti su miƙo maka abin da ya rage. Mu kuwa tukunyar tun daga farko a haka aka gina ta.

Sai kwaɗon zogale, wanda shi nake mafarki. Zogalen fadamar gulbi, na wajen Jiratawa da Tibiri, wanda mata ke shigowa da shi gari a buhu tun da sassafe. A dafa shi, a matse ruwan, a daka ƙuli-ƙuli ya yi laushi, a yanka albasa da tumatir, a sa barkono da gishiri, a ɗiga mai, a cuɗa da hannu. Na dala ashirin yana riƙe ni tun daga fitowa lakca har magariba lokacin da nake jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Rannan a wani kanti na ga garin zogale a 'yar ƙaramar leda, an rubuta amfaninsa kamar magani, kuɗinsa ya fi abin da goggona ke samu a tallan wuni. A gefensa ga awara, an sa mata suna tofu, fara fat babu soyi babu yaji, mutane suna ɗauka da girmamawa. Awarar da 'yan mata ke soyawa a ƙofar makarantarmu. Na tsaya a wurin na daɗe, wani alfahari ya cika ni, sai kuma na waiga babu wanda zan nuna wa.

Gaskiya ɗaya dai, in Bature marar cin nama ya sauka a gidan abinci a Maraɗi shi ma zai sha wuya. Miyar da romo ake yinta, kuma mai tuwo za ta ɗauka rashin kuɗi ne ya hana shi, ta jefa masa tsoka ɗaya don tausayi. Kwaɗo da ɗanwake ba a kan tebur suke ba, suna kan tire a bakin titi da cikin gidaje. Mu da kanmu ba mu ɗauke su abincin fita kunya ba. Baƙo ya zo, kaza ake kamawa ko da bashi.

Shi ya sa da na kira gida a ƙarshen satin nan ban san ta inda zan fara ba. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma tambayata kai tsaye. Ƙanwata ce ke riƙe wayar. Na gaida Inna, na ce ina kwananku, ina gajiya, ta amsa a taƙaice kamar kullum. Sai na ba ƙanwata labari, na ɓoye zancen alade, na ce dai an je cin abinci ban samu abin ci ba sai ganye. Ina jin muryar Inna daga nesa tana cewa: "Tambaye shi, ganye ya je ci can? Kuɗin da yake aikowa, ashe bakinsa yake ɗaurewa?" Ƙanwata ta ce: "Yaya, ka ji abin da ta ce." Na ce a gaya mata ina cin nama, akwai mahauta Musulmi a unguwarmu, a waje ne kawai nake kiyayewa. Ba ta yarda ba. Na san ba ta yarda ba don ta yi shiru.

Na san abin da ganye yake nufi a wurinta. A 2005 ina ɗan shekara goma. Fara ta sauka a shekarar da ta gabata, ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya yi tsadar da ba a saba gani ba. Danginmu na ƙauye, daga wajen Dakwaro, suka cika mana gida. Su suka zo da anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Na ga Inna tana dafa tafasa tukunya guda da ɗan tsaki kaɗan, ta raba wa yara, ta ce ita ta ci a madafa. Ba ta ci ba. A shekarar aka kai ɗan goggona wurin da ake kula da yara masu tamowa a cikin gari, Allah ya yi masa sauran kwana, yanzu shi ke tuƙa Baba zuwa masallaci a babur. Matar da ta ga wannan, ta sayar da awakinta ta biya mini kuɗin takardu, yaya za a yi ta ji ɗanta yana Turai yana cin ganye hankalinta ya kwanta?

Da Sallar layya ni ke aika kuɗin rago, a turo mini hotonsa a WhatsApp yana ɗaure a gindin darbejiyar ƙofar gida. A nan ba a yanka a gida, sai a mayankar da hukuma ta amince, don haka nawa naman a leda nake karɓo shi, in soya ni kaɗai a ɗaki, in buɗe taga don kada maƙwabta su yi ƙorafin hayaƙi. Bara Inna ta sa aka yi mini kilishi, ta ba wani ɗan unguwarmu da zai taho. Dole na kira na ce a bar shi, don an hana shigo da nama Turai a kayan matafiyi, za a ƙwace a filin jirgi. Ƙanwata ta ce Inna ta ajiye kilishin a ɗakinta har sati biyu ba ta bari kowa ya taɓa ba, sannan ta ba almajirai.

A wurin aiki yanzu na daina rubuta bejetariyan. Da sakatariya ta sake zagayowa don taron bazara na rubuta mata: ba alade, ba giya, nama sai na halal, in babu a ba ni kifi ko wake. Ta karanta ta ce to. Wanda ya tona ni ya zo ya ba ni haƙuri a wajen injin kofi, ya ce wasa yake yi. Na karɓa, amma har yanzu ba na zama kusa da shi.

Tun 2023 jirgin da ke tashi kai tsaye daga Paris zuwa Yamai ya tsaya, masu zuwa sai sun zaga ta Kasablanka ko Istambul, kuma sun ragu. Duk da haka makon jiya ƙanwata ta turo saƙon murya. Ta ce wani ɗalibi zai taho bayan azumi, Inna ta shanya zogale a ɗaki don kada rana ta cinye korensa, ta sa an yi ƙuli-ƙuli na gyaɗar bana, da kuka da daddawa da yaji. Ta ce in nemi turmi ko ƙarami ne, don Inna ta ce ƙuli-ƙulin da aka niƙa a inji ba ya kama ganye. A ƙarshen saƙon ina jin Inna tana cewa a tambaye shi ko yana da man gyaɗa, in babu a ƙara masa kwalba ɗaya. Na saurari wurin sau huɗu. Gobe Asabar zan shiga Giyotiyar neman turmi.