Wasiƙar gwajin bakin mahaifa a Ingila

A Ingila komai da wasiƙa ake yi. Da zarar mace ta yi rajista da likitan unguwa, in shekarunta sun kama daga 25 zuwa 64, hukumar lafiya ta NHS za ta turo mata gayyata zuwa gwajin bakin mahaifa, wanda ake yi don gano abin da zai iya zama ciwon kansa tun da wuri, kuma kyauta ne. Ni kuwa a gida sai ciwo ya kwantar da mutum yake neman asibiti, shi ya sa abin ya ba ni mamaki: lafiyata ƙalau, a ce in je in kwanta a duba ni?

Wata Anti da ta daɗe a Manchester ce ta sa ni gaba. Ta ce, "Ke dai je ki, ƙanwata. Nas mace ce za ta yi miki, in ma kina so a kawo tafinta ki faɗa musu, ba kwabo." Haka kuwa aka yi. Ɗan burushi mai laushi ne ake shafawa a ɗebo ƙwayoyin halitta, kafin in gama jin kunya an gama.

Tun 2019 ƙwayar cutar HPV suke fara nema, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, kuma wasu nau'o'inta kan jawo kansar bakin mahaifa. In an same ta, sannan a duba ƙwayoyin halittar da aka ɗebo. Nawa sakamakon ya nuna HPV, kuma akwai canji a ƙwayoyin da ke samar da yauƙi a cikin hanyar bakin mahaifa. Ba su bar ni na jira ba, cikin mako biyu aka ba ni ranar ganin ƙwararru.

Likitar ta zana mini bakin mahaifa a bayan takarda. Fatar waje, in ji ta, ita ce ta fi yawan nuna canji, kuma ido na ganinta. Waɗannan masu yauƙin suna can ciki, inda burushi ba ya kaiwa sosai, kuma canjinsu kan yi tsalle, wuri ɗaya ya lalace, na kusa da shi lafiya, na gaba kuma ya lalace. Ba a cika samunsu ba, amma in an samu ba a wasa da su, domin daga gare su ne nau'in kansar da ake kira adenokasinoma ke tasowa, sau da yawa da hannun nau'in HPV mai lamba 18. Wani bincike da aka yi a Suwidin, aka wallafa a 2016, ya nuna haɗarin kamuwa da kansar kan ci gaba har shekara 15 bayan irin wannan sakamako. Canjin shi kaɗai ba ciwon kansa ba ne, ta maimaita mini haka da ta ga idona ya kawo ruwa.

Ta shafa ruwa mai tsami irin na khal, ta duba da madubin ƙara girma, ta yi mini allurar kashe zafi, aka yanko wurin da 'yar waya mai lantarki. Ranar na koma gida da ƙafata. An ce in dawo gwaji bayan wata 6, sannan a sake bayan shekara guda.

Abin da ya fi wuya shi ne faɗa wa mutanen gida. Ana jin HPV sai a fara zargi, alhali yawancin masu aure kan gamu da ita a rayuwa, jiki kuma ya kawar da ita ba tare da an sani ba. Na kira Yaya na ce ta kai 'yarta allurar rigakafin HPV, tunda Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 tun Oktoban 2023. Ta ce sai ta tambayi babansu tukuna.