Filin bayan gidanmu da makarantar da ba a gina ba

A watan Nuwamba muka sauka Ingila, ni da maigidana da yara biyu, kuma abin da ya fara ƙona mini rai ba sanyi ba ne, neman makaranta ne. A nan iyaye kan miƙa takardar neman gurbin firamare kafin 15 ga Janairu, a ba su amsa ranar 16 ga Afrilu, yaro ya shiga aji a Satumba. Mu kuwa mun zo an riga an raba gurabe kowa ya kama nasa. Doka ta hana a tara yara fiye da 30 a aji ɗaya matuƙar 'yan shekara biyar zuwa bakwai ne, 'yata ta fari kuma shekararta biyar. Makarantu uku da ke kusa da mu duk sun cika. Ƙaramar hukuma ta samo mana gurbi can ɗaya gefen gari, bas biyu kafin a isa. Sun ba yarinyar katin shiga bas kyauta saboda nisan ya wuce mil biyu, amma kati ba ya riƙe hannun yaro. Ni da nake aikin jinya da dare, sai in dawo da asuba, in sauya kaya, in sake fita da ita cikin duhu, ƙaninta a goye.

A bayan layinmu akwai wani fili kore shar, faɗinsa ya kai a gina unguwa guda. Babu komai a cikinsa sai ciyawa da tsofaffin bishiyoyi da 'yan kujeru. Da safe tsofaffi ne da karnukansu, ranar Lahadi samari su buga ƙwallo. Kullum na ratsa shi zuwa tashar bas sai in ce a raina, ga ƙasa tana kwance a banza, mu kuma muna wahala.

Saboda haka ranar da na ji cewa hukuma za ta yanki wani sashe na filin ta ba wata ƙungiya mai tafiyar da makarantu haya don a gina firamare, har sujada na yi. Hayar ta shekara 125 ce, haka aka saba yi wa irin makarantun da gwamnati ke biyan kuɗinsu amma ƙungiya ke gudanar da su. Kuɗin hayar kuwa, a yadda lauyoyinsu ke rubutawa, ƙwayar masoro ɗaya ce a shekara, ma'ana dai kyauta. Na daɗe ina dariyar wannan masoron.

Ba a yi mako biyu ba maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa. Dattijuwa ce, ta haifi uwata, ta kuma sha nanata mini in riƙa kiranta da sunanta kawai, amma bakina ya ƙi, sai na laƙaba mata Mama, ita ma ta saba. Ita ce ta nuna mini ranar fitar da shara da yadda ake yin rajista a wurin likita. Ran nan kuwa takarda ce a hannunta, tana tara sa hannun masu adawa da ginin. Na ce, "Mama, ki gafarce ni, wannan kam ba zan sa ba. Kina ganin wahalar da nake sha da yarinyar nan." Ta ce ta gani, kuma ba makaranta take ƙi ba, wurin da za a gina ta take ƙi. Na rufe ƙofa ina huci. A zuciyata na riga na yanke hukunci: mutanen nan sun fi son karnukansu a kan 'ya'yanmu, kuma da 'ya'yansu ne ke rasa gurbi da tuni an kafa harsashi.

Maigidana ya ce, "Maman yara, baƙi ne mu. Ki bar masu gari su yi rigimarsu." Na ji maganarsa, amma da aka kira taro a zauren unguwa sai na faki ido na je, niyyata in faɗa musu magana. Ban samu bakin faɗa ba, don abin da na tarar ya sha bamban da abin da na zata. Babu wanda ya ɗaga murya. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin safiyo ya tashi da tsofaffin takardu, ya ce filin nan ba mallakin hukuma ba ne irin yadda ofishinta yake mallakinta. Riƙe shi take yi amana domin jama'a su shaƙata. Akwai dokar lafiyar jama'a ta 1875 da dokar filayen shaƙatawa ta 1906, kuma duk filin da aka saya ko aka karɓa a ƙarƙashinsu yana ɗauke da wannan amanar. Nan take kalmar waƙafi ta faɗo mini. Da ma haka aka ce mini tun farko da na gane.

Ya ce amanar ba ta hana a taɓa filin har abada ba. Dokar ƙananan hukumomi ta 1972, sashe na 123, ta ba hukuma damar sayarwa ko ba da haya, amma da sharaɗi: sai ta buga sanarwa a jaridar yankin mako biyu a jere, ta kuma zauna ta duba duk ƙorafin da aka aiko kafin ta yanke shawara. Wannan sanarwar ce suka bincika ba su ga an buga ba. An dai liƙa takardar neman izinin gini a jikin falwaya, takardar da na wuce ta sau ba adadi ban taɓa tsayawa na karanta ba, amma wannan daban, waccan daban.

Gaskiya a ranar na ga abin kamar neman rigima. Tallan jarida da ba mai karantawa, shi zai hana ɗaruruwan yara makaranta? Sai da ya ba da labarin garin Shrewsbury na fara sassautowa. A can hukumar gari ta sayar wa wani kamfani sashen filin wasa na Greenfields a 2017 don gina gidaje, ba tare da ta buga sanarwar ba. Wani mazaunin unguwar ya kai ƙara, aka yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a Maris na 2023 cewa tunda ba a bi ƙa'idar ba, haƙƙin jama'a yana nan manne da filin ko da ya koma hannun mai saye. Aka soke izinin ginin. Mutum ɗaya ne fa sunansa ke kan takardar ƙarar, kuma abin da ya kayar da hukuma guda shi ne talla biyu da ba a buga ba. A Landan ma, a 2017, Babbar Kotu ta hana hukumar Wandsworth ba wa wata makarantar renon yara mai zaman kanta hayar wani gini da ke cikin filin jama'a, saboda 'ya'yan masu iya biya ne kaɗai za su amfana, sauran mutane a kulle su a waje.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Edinbura, babban birnin Sikotilan, don ya fi kama da namu. A lokacin makarantar sakandaren unguwar Portobello tana cikin wani dogon bene na shekarun 1960 da ya tsufa, hukuma ta so ta gina sabuwa a filin shaƙatawa na unguwar. Wasu mazauna suka kai ƙara. Kotun farko ta ba hukuma gaskiya, amma a Satumbar 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta ce filin na cikin kadarorin da aka keɓe don amfanin al'ummar gari, hukuma ba ta da ikon sauya masa aiki. Sai da majalisar dokokin Sikotilan ta yi doka ta musamman a 2014 domin wannan fili kaɗai, sannan aka yi ginin, aka buɗe makarantar a 2016. Masu ba da labarin a taronmu suna jin daɗin nasarar 2012. Ni kuwa lissafin yaran nake yi, waɗanda suka shiga tsohon benen suna ƙanana suka fita ba su taɓa zama a sabon aji ba. Har yau ban yarda cewa wannan ƙaramar asara ce ba.

Abin da na fahimta daga baya, kuma shi ya sauke mini fushi, shi ne alƙali a irin wannan ƙarar ba ya auna makaranta da ciyawa ya ce wannan ya fi. Ba aikinsa ba ne. Yana duba ne kawai ko hukuma tana da ikon yin abin da ta yi, ko ta bi matakai, ko ta saurari mutane. Lokacin kai ƙarar ma a ƙayyade yake: wata uku a mafi tsawo, in kuwa izinin gini ake ƙalubalanta, mako shida. Kuɗin lauya na da nauyi, shi ya sa unguwa ke yin karo-karo, sai dai a ƙarar da ta shafi muhalli akwai ƙa'idar da ke taƙaita abin da mutum ɗaya zai biya wa abokin shari'arsa in ya faɗi, galibi fam 5,000.

Namu bai kai gaban alƙali ba. Lauyan 'yan unguwa ya aika wasiƙar gargaɗi da ake fara aikawa kafin a shigar da ƙara, hukuma ta janye shawararta, ta buga sanarwa a jarida, aka koma farko. Ranar da na ji labari na yi kuka a cikin bas, ba na murna ba.

Mama ce ta kawo mini jaridar, ta zagaye sanarwar da jan biro. Ta ce, "Kema ki rubuta. Ki faɗa musu kina son makarantar." Na ce ai ni ko takardar zama ta dindindin ban samu ba. Ta ce ba a tambayar fasfo, adireshi kawai ake tambaya. Na yi kwana uku ina rubutawa ina gogewa. Na ba su labarin bas biyu da goyo da duhun asuba, na ce ina goyon bayan a gina. Sannan na ƙara abin da ban taɓa zaton zai fito daga hannuna ba: cewa a rage girman abin da za a yanka, a bar layin bishiyoyin, kuma filin wasan makarantar ya zama a buɗe ga unguwa bayan an tashi. Dalili kuwa, a lokacin bazara ta shigo, na ga yadda filin yake cika. Gidanmu na haya a sama yake, ba mu da ko taku ɗaya na tsakar gida, kuma a kan wannan ciyawar ɗana ya koyi tafiya. Ashe masu manyan lambuna a bayan gidajensu ba su ne za su fi jin rashin filin ba, irinmu ne.

Maigidana ya karanta wasiƙar ya ce, "To, yanzu ke kina wane ɓangare ke nan?" Na ce shi ma ya rubuta tasa ya gani ko da sauƙi.

Mama ta aika tata tana cewa kada a taɓa ko taƙi ɗaya, ni na aika tawa, a akwatin gidan waya ɗaya muka jefa su. An ce kwamitin kansiloli zai zauna a kan maganar bayan hutu, kuma kowa na iya shiga ya saurara, har an ba mutum minti uku ya yi magana in ya yi rajista da wuri. Na yi rajistar, na kuma roƙi a sauya mini aikin daren ranar. 'Yata dai har yanzu bas biyu take shiga, tana lamba ta huɗu a jerin masu jiran gurbi a makarantar da ke kusa.